Kada ki jona abin busar da gashin nan

Yaya,

Ki yi haƙuri da na rubuto. Kin san ni, in na buɗe baki sai muryata ta hau rawa.

Ɗazu kina barci Baba ya ɗauko injin askin da Kawu ya ba shi, ya soka a farar adaftar da muka saya da muka iso. Na ce, "Baba, ƙarfin wuta 110 aka rubuta a jikinsa, wutar ƙasar nan 230 ce. Adafta ba ta rage wuta." Ya ce, "To, Malama sarkin karatu, ai tunda ya shiga shi ke nan."

Rabin kai ya aske, injin ya yi hayaƙi, wutar gidan ta ɗauke. Kwamfutar falo ta mutu da shafi huɗu na labarina na farko, ban adana ba. Shafi huɗu, Yaya!

Naki abin busar da gashin ma tsarabar Kawu ce. Don Allah kada ki jona, ko da ya shiga.

Baba na banɗaki yana faɗa da madubi. Na sulale laburare, in rubuta abin da na iya tunawa.

Ƙanwarki