Tambayar da Barewa ya yi wa babansa

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin hawan jinin nan, ya bar mana ke. Mu ma lafiya, sai gajiya. Auta ta shiga sakandare, tana ta hura hanci da sabuwar jaka, Inna kuma idonta ya yi sauƙi, har tana zura zare a allura da kanta.

Yaya, takalmin ƙwallon da kika saba aiko wa ɗanki Barewa, bana don Allah ki bar shi. Na bara ma yana cikin kwalinsa a kan kabad, bai taɓa ƙasa ba. Na daɗe ina ɓoye miki, don na san ke kika fara saya masa ƙwallo tun yana tatata. Kin san tun da gwiwarsa ta goce bai ƙara komawa daidai ba. Zaman jinyar nan ne ya canza shi. Sai ya dogara sanda ya tafi fili ya zauna a benci, ya dawo ya zayyana mana wasan tun daga farko, wa ya yi ƙoƙari, wa ya yi ta yawo kamar an aike shi kasuwa. Mu muna dariya, ashe shi rubutawa yake yi yana kai wa wata jarida. Yanzu sun ɗauke shi koyon aiki. Kullum yana fita da ƙaramar rikoda a aljihu, ko mai gyaran famfo ya shigo gidan sai ya sha tambayoyi.

Babansu, ƙanenki, ya haɗiye wannan da ƙyar. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana horar da 'ya'yan mutane wasan ƙwallo, ga nasa ɗan da ya fi kowa gudu ya koma riƙon biro. Amma bai hana shi ba, har wani lokaci nakan kama shi yana karanta rubutun yaron a ɓoye.

Abin da ya ɓata komai shi ne labarin da aka ba Barewa ya bi, na yaran da ake mayarwa fili ciwonsu bai warke ba. Ya zaga ƙungiyoyi, ya ji iyaye, har da telan layinmu, wanda ɗansa ke wasa a ƙungiyar babansu kuma yanzu yake ɗingishi. Shugabansa a wajen aiki ya ce ƙa'ida ce, ba a buga zargi sai an ji ta bakin wanda ake zargi. Na ce ya roƙa a tura wani. Ya ce in baƙo ya zo ya tsare mahaifinsa da tambaya ya fi muni, gara shi ya zo da ladabi. Taurin kan nan kin san inda ya gado shi.

Ranar da yamma babansu yana tsakar gida yana hura ƙwallaye da famfo, yaron ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye rikodar a kan tabarma. Ina wanki, ina jin su. Ya ce, "Baba, ɗan tela ya ce ya faɗa maka ƙafarsa na ciwo, ka ce ya daure ya shiga. Haka aka yi?" Yaya, duk wanda ke gidan ya san ba ɗan tela kaɗai aka taɓa ce wa ya daure ba. Babansu ya dubi gwiwar Barewa, ya daɗe, sannan ya ce, "Kashe abin nan." Ya tashi ya shige ɗaki, ya bar ƙwallon tana sacewa.

Labarin ya fito, kuma a ƙarshensa an rubuta cewa an tuntuɓi mai horarwar, ya ƙi cewa komai. Tun ranar ba ya amsa gaisuwar ɗansa. Ni ce na zama 'yar aike tsakanin ɗakuna biyu, in kai abinci nan, in kai can, kowa ya ci shi kaɗai. Wallahi na gaji. Shi yaron ya fara zancen kama ɗaki kusa da wajen aikinsu, kuma zuciyata tana ba ni in ya fita a haka ba zai ƙara kwana a gidan nan ba.

An faɗa mini a wasan da ya wuce babansu ya fitar da wani yaro da ya ga yana jan ƙafa, iyaye suna ta ihu, aka kuma ci su. Shi bai ba ni labarin ba. Sai jiya da safe yana ɗaura takalmi ya tambaye ni, can ƙasa-ƙasa, ko gwiwar tana damun Barewa har yanzu in an yi ruwa. Na ce masa yana ɗaki, ya je ya tambaye shi da kansa mana. Ya je har bakin ƙofar, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya tsaya yana gyara labulen da ba abin da ya same shi, ya ɗauki jakar ƙwallayensa ya fita.

Ƙanen nan naki ke kika goya shi, ke kaɗai yake jin kunyarki. Ki kira shi, Yaya, ba sai kin yi masa faɗa ba. Har ƙofar ya kai da ƙafarsa, abin da ya rage kaɗan ne, ni kuma ƙarfina ya ƙare.

Ki gaishe mini da maigida, da Kawu, da amaryar babban ɗanki da jaririnta. Inna da Auta suna gaishe ki. Barewa ma yana gaisuwa, bai san na rubuto ba.

Taki har kullum,
matar ƙanenki