Inna da Kunyar 'Yar Fari

Ƙanena Lukman,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya mutanen Wudil, ya jikin Inna?

Na ga sakamakon asibitin da ka turo. Ciwon dajin hanji ne, kuma a kansa nake bincike a nan Afirka ta Kudu. Akwai ƙananan halittu da ke zaune a hanjin kowa. Aikina in ƙirga su a kwamfuta, in gwada da ƙwayoyin gadon ciwon, ko ma gane maganin da jiki zai fi karɓa. Na yi wa baƙi ba adadi, sai uwata zan kasa yi wa? Na aiko kwalba ta hannun Malama Godiya ta jami'a. A sa bayan gidan Inna kaɗan a ciki, Malamar ta san yadda za ta iso min da shi.

Kewar gida ta ishe ni, har ƙarnin kifin bakin gada nake marmari. A gaida Inna da kyau.

Yayarka, Hanifa.

Yaya Dakta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, kowa na gaishe ki.

Lallai boko ya mantar da ke wace ce Inna. Matar da tun haihuwarki ba ta taɓa kama sunanki ba saboda kunyar 'yar fari, kullum sai "waccan", ita ce za ta aiko miki da bayan gidanta? Cewa ta yi in ɓace mata da gani. Amma ba ta yar da kwalbar ba. Ta cika ta da daddawa, wai a kai wa waccan, ta ji an ce miyar can salam take.

Ta ce jiki da sauƙi. Ni dai na ga zobenta yana zamewa daga yatsa. Ki huta lafiya.

Lukman.

Lukman,

Sallama da gaisuwa. Kwalba ta iso. A ɗakin bincike na buɗe ta, na yi kuka a gaban mutane.

Kullum lissafina yana nuna min cewa masu zama gida ɗaya, suna ci tare, halittun hanjinsu kan yi kama. Ni tun yaye aka kai ni Utai wurin Kaka. Ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Inna ba, kuma wallahi abin yana cina a rai.

Ka sake roƙonta. Ka ce lamba za a manna wa kwalbar, ba wanda zai san tata ce. Ƙarshen shekara zan gama in dawo, so nake ta jira ni. Allah Ya ba ta lafiya.

Hanifa.

Yaya,

Salam. Ki bar maganar kwalba. Da hantsi na kai mata koko, ta ture, ta ce a ɗauko babban kwanon da ake ci tare. Sai ta dubi ƙofa ta ce, "Ina Hanifa?"

Da bakinta ta faɗa, Yaya. Kada ki jira ƙarshen shekara.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Lukman.