Wa Zai Riƙe Mini Wutsiyar Jirgi

Yaya Lyuben,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Allah ya ba ta sauƙi. Ni lafiya lau, ban da ɗan ciwon baya.

Na gama haɗa ƙaramin jirgin nan mai tashi da igiya, inji ne ya gagare ni. Babba ya yi wa hancinsa nauyi, ƙarami kuma ba ya jan igiya. Shugaban kulob ɗinmu a Hamburg ya ce, "Sai na batir, maƙwabta ba sa son ƙara." Jirgi ba ƙara, ba ƙaurin mai, ina daɗinsa?

Aiko mini tsohon injin Baba, amma ba gaggawa. Ko na tayar da shi na ruga tsakiyar fili, wa zai riƙe mini wutsiya ya saki, tunda kana Gabrovo?

Ƙaninka,
Tsvetan