Kira a Kurmin Gora

Cheetham Hill, Manchester
Ranar Lahadi

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya Baba, ya mutanen Tudun Wada baki ɗaya? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Na ɗauki biro ne saboda duk lokacin da na kira ki sai kin buɗe muryar wayar gida duka na saurare, maganar nan kuwa taki ce ke kaɗai. Zan ɗauki hoton takardar in turo, ki sa tabarau ki karanta a ɗaki.

Umma, wata mata na nema ta ƙwace mini jikarki. Kada ki yi dariya. Sunanta Catherine, 'yar wajen Kagoro ce, flat ɗinsu na ƙasan namu, ita da mijinta Kambai mai tuƙa bas. 'Ya'yansu sun girma sun watse, autarsu Bethany tana jami'a a Birmingham. Ni da bakina na roƙe ta ta riƙa ɗauko mini yarinyar daga makaranta, tunda ba na tashi daga aikina na lab sai wajen magariba, baban yarinyar kuma kin san sai ƙarshen shekara zai samu hutu ya zo. Ta karɓa hannu bibbiyu. To, ga inda abin ya kai mu.

Yarinyar da in na yi mata Hausa take mayar mini da Turancin 'yan Manchester, irin wanda ake haɗiye rabin kalma, ranar nan na tsaya a matakala na ji ta tana zuba wa Catherine labarin makaranta da Hausa tiryan-tiryan. Hausar ma irin ta Kagoro! Tuwon da na ɓata Asabar ina tuƙawa ta tsakura ta ture, wai ta ƙoshi da gwaten acca a ƙasa. Ni "Momi" ce, ita kuwa "Mama". Abin da ya fi ba ni haushi, na duba sama da ƙasa na rasa laifin da zan kama matar nan da shi. Tana da kirki, tana da tsafta, har abincin yarinyar sai ta je shagon halal take sayo nama.

Kuma ba ta da aiki sai kiran sunan yarinyar. Ta ja shi, ta lanƙwasa shi, har cikin ɗakina nake jiyowa ta ƙasan daɓe. Ni kuwa kin san tarbiyyar da kika yi mana. 'Yar fari ce, ga shi sunan surukata ta ci. Ko laƙabin da dangin babanta suka sa mata bai taɓa fita daga bakina ba. "Ke" nake cewa, ta kuma saba. Ko wajen likita ranar haihuwarta nake faɗa, su lalubo sunan da kansu.

Yanzu wai Asabar mai zuwa za su kai wa Bethany ziyara. Ta gano musu wani babban lambu a bayan garin Birmingham, inda Turawa suka shuka gora har ta zama kurmi. Catherine ta ce rabonta da ganin gora a tsaye tun barinta ƙauyensu. Ta ce in ina da aiki in ba su yarinyar kawai. In ba su! Na ce aikin ya jira, ƙafata ƙafarsu.

Ki gaishe da Baba da Gwaggo Raki. Jikarki na gaishe ki.

'Yarki,
Zuhra

Cheetham Hill, Manchester
Ranar Talata

Ummana,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Na ga kin karanta waccan, kin turo mini hoton dariya kawai. To, ki karanta wannan mu ga ko za ki ƙara.

Ranar Asabar ɗin tun da safe muka kama hanya a motar Kambai. Ina zaune baya da jikarki, amma jikinta ne kawai a wurina. Ta zura kai tsakanin kujeru, ita da Catherine suna gasar hango jajayen motoci har muka shiga Birmingham. Muka ɗauki Bethany muka wuce lambun.

Gaskiya wurin ya yi kyau, ko da raina a ɓace yake ba zan hana shi ba. Ni abin da na sani da gora shi ne sandar tsofaffi da wadda magina ke ɗaurawa su hau. Ashe in tana raye wani abu ne daban. Ta tashi sama ta haɗe kai ta rufe rana, ciki ya yi duhu-duhu, hasken ma kore ne. Akwai koriya, akwai rawaya mai zane, har da baƙa wuluk. In iska ta kaɗa sai ka ji suna gugar juna suna kuka kamar tsohon ƙyaure. Ƙasa duk busasshen ganye ne, hanyoyin kuma sirara, sai murɗawa suke, kowace kamar 'yar'uwarta.

Catherine na shiga ta rungumi wata gora ta fashe da kuka. Ta ce haka take a bakin rafinsu, da ita babanta ke yin rufin ɗaki da gado da tsani. Jikarki ta kama hannunta tana shafa mata baya, tana ba ta haƙuri da Hausa. Umma, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, yarinyar nan ruwa ta ajiye mini ta koma kallon talabijin. Ina biye da su da rigunan sanyin kowa a hannu, sai ga wata tsohuwar Baturiya ta tsaya tana yaba wa Catherine kyan jikarta. Catherine ta yi dariya ta nuno ni, ta ce ga uwarta can. Amma sai da ta gama dariyar tukuna, na lura.

Da azahar ta yi na samu wani lungu na shimfiɗa sallaya. Su Catherine suka tafi sayo shayi, aka bar mini yarinyar, na ce ta zauna kan benci. Ina sallamewa na waiga, benci babu kowa.

Da farko haushi na ji, na ɗauka bin su ta yi. Na leƙa hanyar nan, na leƙa waccan. Na ce "Ke!" Shiru, sai kukan gorar nan. Na ƙara ɗaga murya, "Ke! Ke!" Turawa suna waigowa suna kallona, ba su san wa nake kira ba. Na tuna mun wuce wani tafki a baya. Na cire takalmi na riƙe ina gudu, ban ma san dalilin cirewar ba. Wani ma'aikacin lambun ya tare ni, ya ce in kwantar da hankali, in gaya masa sunanta ya sanar da 'yan'uwansa a bazu a kira.

Umma, na buɗe baki sunan ya tsaya mini a maƙogwaro. Ba daɗewa ya yi ba, wallahi da an ƙara mini numfashi ɗaya da na faɗa. Mutumin ya ƙura mini ido, na san abin da yake tunani: wace irin uwa ce wannan? Daidai nan Catherine ta iso. Kallo ɗaya ta yi mini ta watsar da shayin, ta ɗora hannu a baki ta ƙwala kiran sunan, irin kiran da ake yi wa mutum daga tsallaken rafi.

Yarinyar ta fito. Daga bayan wani cunkoson gora ta fito, dab da inda sallayata take a shimfiɗe. Duk ihun da nake yi tana ji ke nan. Ta wuce ni ta faɗa jikin Catherine.

Na so in ce alhamdu lillahi, sai faɗa ya fito. Na yi mata tatas a gaban mutane. Kambai ya yi ta ba ni haƙuri, Bethany ta sunkuyar da kai. Dambun naman da na kawo ko buɗe shi ba a yi ba, muka juyo Manchester, yarinyar ta yi barci da gyalen Catherine a hannu.

Jiya na sa ta a wurin da makaranta ke tsare yara bayan an tashi. Na tura wa Catherine saƙon godiya, na ce ta huta haka nan. Na san za ki ce na yi butulci. Ki ce. Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba, har barci yake hana ni. Ni na ɗauki cikinta, ni na taho da ita ƙasar nan a goye, ba zan zauna wata ta kira ta ta fito, ni in kira ta ƙi ba.

A gaishe da kowa. Jikarki na gaisuwa, ko da yake ba ta magana da kowa.

Zuhra

Cheetham Hill, Manchester
Ranar Asabar

Ummana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Baba, ya haƙuri da ni? Na sami amsarki, na karanta ta fi sau nawa. Kin ce in mayar da yarinyar wurin matar kirki, in daina shirme. Kin ce haka kowa ya tashi, ni ma ai 'yar fari ce, a ɗakin Gwaggo Raki na girma kuma ban lalace ba.

Gaskiya ne. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba, kuma ban taɓa shakkar kina sona ba. Na zauna na yi ta tunanin dalili. Gwaggo ce. Ita ce za ta miƙo mini tsokar kaza ta raɗa mini cewa uwata ce ta ɓoye mini. Ita ce ta gaya mini ba ki runtsa ba lokacin da ƙyanda ta kama ni. Gida cike da mutane, kowa na kirana, kowa kuma ya san abin da shirunki yake nufi. Nan kuwa daga ni sai jikarki sai bango. A makaranta tana ganin iyaye suna tsugunnawa suna kiran 'ya'yansu suna sumbatarsu a bakin ƙofa. Wa ya taɓa zaunar da ita ya ce mata kunya ce?

Tun da na raba su yarinyar nan ta zama kurma. Ta ci abin da na ba ta, ta yi aikin makaranta, ta kwanta. In mun zo wucewa ta ƙofar su Catherine sai ta rage tafiya, ni kuma in ƙara sauri.

Shekaranjiya Catherine ta tare ni a tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari. Na so in waske, ta sha gabana. Ba ta yi mini ƙorafin komai ba. Ta ce akwai maganar da yarinyar ta raɗa mata a lambun, tana ganin ni ya kamata in riƙe ta, ba ita ba. Wai da gangan ta ɓuya. Wata ƙawarta a makaranta ce ta tambaye ta me ya sa mamanta ba ta san sunanta ba. Shi ne ta ce bari ta gwada, in na tsorata sosai ai zan kira. Tana tsugune a bayan gorar tana jira, har ƙafarta ta yi tsami.

Tram ya zo ya tafi ina tsaye. Kuma Umma, ki ji halin 'yarki: a cikin wannan hali ma sai da na ji zafin cewa a bakin Catherine nake jin sirrin 'yata.

Yau da hantsi tana ɗaki tana zane, ni ina kicin. Na kashe murhu. Na gwada a hankali tukuna, bakina ya yi nauyi kamar na ci ɗanyen rogo, ina ganin kamar Hajiya surukata na tsaye a bayana. Sannan na ɗaga murya na kira.

Sai na ji gudu. Ta wuce ƙofar kicin a guje, ko kallona ba ta yi ba, ta je ta buɗe ƙofar waje. Ta ɗauka Catherine ce ta zo. Ta leƙa matakala sama da ƙasa, ta dawo jiki a sanyaye ta tambaye ni ina Mama. Na ce ni ce na kira. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaya ko wani laifin ta yi. Na ce ba ta yi ba. Ta ce to me ya sa na kira ta. Sai na sake kiran. Ba ta rungume ni ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ta dai ɗauko takardar zanenta ta dawo kicin, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, har yanzu da nake rubutun nan tana nan.

Ranar Litinin za ta koma wurin Catherine. Zan sauka da kaina in ba ta haƙuri. Kada ki ɗauka na warke, har gobe in na ji "Mama" sai kishin ya motsa. Don Allah kada maganar nan ta kai kunnen Hajiya, ni zan san yadda zan yi in mun zo gida. Ke ma ki yafe mini, na san ba haka kika koya mini ba.

Ki gaishe da Baba, ki yi wa Gwaggo Raki godiya ta musamman, ba sai kin gaya mata dalili ba. Humaira na gaishe ki.

'Yarki,
Zuhra