Sa Hannun Baffa

Litinin, 3 ga Maris
Na tsinci takardar a ƙasan akwatin marigayi Baba, naɗe cikin leda. Hukuncin kotu ne: Baffa, ƙaninsa, ya biya kuɗin injin waldar da ya ara ya sayar. Shekara goma sha biyu ko sisi! Mutumin da a zaman makoki ya fi kowa kuka, ya kuma fi kowa loma. Tir.

Laraba, 5 ga Maris
Wajen lauya. Ofis kamar akurki, sai hura hanci. Wai hukunci ma yana da wa'adi, namu zai cika Juma'a ta sama, daga nan takardar sai dai hura wuta. Shi Baba ya ɗauka irin takardar fili ce, ba ta tsufa. Sai lauyan ya rage murya: in Baffa ya biya ko kaɗan ya sa hannu, lissafi ya koma farko, mu kama rumfarsa a tsanake. "Ki lallaɓa shi, Malama." Ni zan lallaɓi wannan?

Asabar, 8 ga Maris
Inna ta ce in bar shi da Allah. Abin da suka iya ke nan ita da Baba, shi ya sa har yau muke haya.

Talata, 11 ga Maris
Na je wurin Baffa. Kwanon rufi huɗu da tsohon janareta, wai shago. Ya rame, walda ta cinye masa ido. A tsaye na gaishe shi. "Ɗiyata, na san za ki zo." Ya zazzage aljihu ya ba ni, 'yan kuɗin cefane, duk baƙin mai. Na miƙa masa rasit da biro. Ko tambayar abin da aka rubuta bai yi ba, sakarai. "Ina zan sa? Ɗora mini yatsa a wurin, ba na gani sosai."
Na ce biron ba ya rubutu.

Juma'a, 14 ga Maris
Lauya ya kira sau biyar. Ina da takardun jarrabawar yara, ba kowa ke zaman banza ba.

Asabar, 15 ga Maris
Wa'adi ya wuce. Ba yafewa na yi ba fa. Maci amana ne har gobe, haushinsa nake ji har wuya. Kuɗinsa na aika an mayar masa, me zan yi da wannan ƙazantar?
Biron kuwa lafiyarsa ƙalau, da shi nake rubutun nan.