Tukunyar da Na Ba Anti Saratu Ba Rama Ba Ce

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida, barkanku da warhaka. Admin don Allah ki ɓoye sunana, kuma da zarar kin ɗora ki goge saƙon daga wajenki. Shawara nake nema, don girman Allah ku ba ni, wanda zai zage ni ma ya zaga, amma ya haɗa min da shawarar a ƙarshe. Sunayen da za ku gani duk na canza su.

Ni matar aure ce, muna zaune a Dubai da mijina da 'yarmu guda ɗaya, Ilham, ko makaranta ba a sa ta ba tukuna. Shi injiniya ne a wani kamfani, ni ba na aiki, a kan bizarsa nake zaune. Duk wanda ya taɓa zama a garin nan ya san yadda abin yake, gida can sama, ƙofa a rufe, esi na ta huci, maƙwabcinka ko sunansa ba ka sani ba. Da na ga kaɗaici zai zautar da ni sai na fara 'yan shuke-shuke a baranda, don a nan da sanyi ake shuka, na sa tumatir da alayyafo da attarugu da yakuwa a cikin bokitai. Abban Ilham ya ba ni goyon baya fiye da yadda na zata, shi da bakinsa ya ce in sa Umma ta aiko mana da irin rama wai ya yi kewar kwaɗo, wata Asabar har wani gari da ake kira Hatta ya tuƙa mu muka samo takin awaki a wata gona, motar ta daɗe tana wari muna ta dariya. A raina na ce lallai Allah ya ba ni miji, ga shi yana dawowa a gajiye amma ya damu da abin da ke sa ni farin ciki.

Da sanyi ya fara wucewa wajen watan Maris, rana ta fara ƙona ganye, sai ya ce mu mayar da ƙananan dashen cikin sito, wani ɗan ɗaki ne a bayan kicin. Ya sayo wata fitila ya haɗa a ciki, ya riƙa kulle ƙofar yana tafiya da makullin, wai kar Ilham ta taɓa wayar wuta ko ta kai taki baki. Shi ke ban ruwan na ciki, ni ina kula da na baranda, in na leƙa yana ciki sai in ga ganye kore shar mai yatsu-yatsu, in ce masha Allah ramarmu ta kama. Ni 'yar cikin gari ce, rama a ɗaure na san ta a kasuwa, ko a dafe a kwano, ban taɓa tsayawa na ƙare mata kallo tana ƙarama ba.

To akwai wata baiwar Allah da zan kira Anti Saratu, 'yar Kafanchan ce, Kirista, mijinta ya rasu, 'ya'yanta uku suna gida wajen tsohuwarta, ita tana aiki a wani kamfanin burodi a Dubai Investments Park, kuma a masaukin ma'aikatansu take kwana. A jirgin metiro muka haɗu wajen Al Rigga ina da tsohon ciki, ta ji ina waya da Hausa ta tashi ta ba ni kujerarta. Da na haihu bizar Umma ba ta fito ba, matar nan ita ta ɗauki hutu ta zo ta yi min wankan jego, ta dama min kunun kanwa, ta kwana a falo a ƙasa. Ƙanwata take ce min, Ilham kuwa Mama take kiranta. A duk garin nan ba ni da wadda ta kai ta.

Wata rana tana hutu ta zo min yini, Abban Ilham ya tafi aiki Abu Dhabi, cikin hira na ce mata ai har rama muke da ita. Ta dafe ƙirji ta ce, "Rama? A Dubai? Ƙanwata kar ki sa ni kuka." Na je na lalubo makullin a aljihun jallabiyarsa, don ranar ya manta da shi, na buɗe siton, na zaɓo mata wadda ta fi kowacce kyau can a lungu, na sa mata tukunyar a leda. Haka ta rungume ta ta hau metiro, ta sauka ta hau bas, har masaukinsu. Da hannuna na ba ta, ba wanda ya sa ni.

Da ya dawo ya shiga siton, ya ɗan jima, ya fito fuskarsa ta canza, ya tambaye ni ina tukunyar da ke lungu. Na faɗa masa ina murmushi, ina jiran ya ce na kyauta. Sai kawai ya zauna a ƙasan kicin ya riƙe kai yana ta innalillahi. A nan ne ya faɗa min wai wiwi ce. Wai tun jami'a yake sha, ya daina kafin aurenmu, da matsin aiki ya hana shi barci a nan ya koma, wai wajen saye ake kama mutane shi ya sa ya ga gara ya shuka abarsa, kuma ganyenta kusan iri ɗaya ne da na rama, duk wanda ya leƙa ba zai kawo komai a ransa ba. Ya hau faɗa me ya kai ni aljihunsa, can kuma ya koma ban haƙuri. Ni tambaya ɗaya na yi masa, na ce to kwaɗon da ka ce ka yi kewa fa, da zuwanmu Hatta? Ya ci gaba da ban haƙurinsa. Wallahi ban yi kuka ba, ban ɗaga murya ba, tashi na yi na sauke shinkafata don ta fara kamu, na zuba wa Ilham na ba ta a baki.

Kafin wayewar gari ya kwashe komai na siton, har da ramata ta gaskiya da fitilar, ya san yadda ya yi da su, ya wanke ɗakin tas. Saura guda ɗaya tak, wadda ke hannun Anti. Na ce to sai in je in karɓo, ashe ta riga ta dasa ta a ƙasa. Kamfaninsu ya ba ma'aikata wani ɗan fili a jikin katanga, 'yan Nepal da 'yan Filifin da 'yan Uganda kowa na shuka abin miyar ƙasarsu, kuma kowa ya san layin kowa. Ga kyamara a saman wajen, ga masu gadi a ƙofa, baƙo ba ya shiga sai ya ajiye katin shaidarsa. Abban Ilham ya ce in na je na tuge ta a gaban kyamara na fito da ita a jaka, to na kai kaina hannun hukuma da kaina, khalas, an gama.

Sai na kira ta na ce Anti irin nan ashe yana da ciwo, namu duk sun mutu, ki tuge taki ki yar kar ta shafa wa na mutane. Ta yi dariya ta ce, "Wane ciwo? Tawa ta fi ta kowa kyau a wajen nan, kullum kafin in tafi aiki sai na gaishe ta." Sai kuma ta rage murya ta ce, "Amma ƙanwata ramar nan taki daban ce fa. Na tsinki ganye na ɗanɗana ba tsami, jikinta ba ƙaiƙayi, ga wani wari-wari da take yi." Abban Ilham na tsaye a kaina yana girgiza min kai. Na buɗe baki na ce ai irin zamani ne Anti, haka yake. Ta ce, "To, tunda ke kika ce rama ce, rama ce." Matar da ta tashi a gona, ta fi ni sanin rama nesa ba kusa ba, ta ajiye abin da idonta da harshenta suka gaya mata ta ɗauki maganata. Ranar da na ba ta tukunyar ban sani ba, Allah shaida ne, amma wannan ƙaryar da sanina na yi ta.

Ba a jima ba ta sake kira, cikin hira take gaya min wai wani mai gadinsu ya tsaya yana kallon shukar ya tambaye ta mece ce, ta ce masa miyar ƙasarmu ce, ƙanwarta ce ta ba ta, mijinta ma injiniya ne. Da alfahari take faɗa min. Da Abban Ilham ya ji haka bai ƙara kwana ba ya nemi hutun shekara ya yanka mana tikiti, sati mai zuwa za mu tashi, kuma a ransa ba dawowa, in mun sauka zai turo takardar barin aiki. Ya ce kar in kuskura in faɗa mata kafin mu tashi, bayan mun sauka ma kar in rubuta mata, wai rashin saninta shi ne kariyarta, in an tambaye ta za ta iya rantsuwa da zuciya ɗaya, kuma wai ƙila zafi ya kashe abar kafin ta girma. Ban sani ba ko gaskiya ce ko wata ramar ce yake sake shuka min. Ni dai na san Anti, ko da ruwan shanta ne sai ta raya shukar nan.

Ga inda na tsaya. In na faɗa mata gaskiya, Anti ba ta iya ƙarya ba, ba ta iya ɓoye tsoro ba, na san kai tsaye wajen shugabarsu za ta je ta ce ga abin da ya faru, kuma ba zan ga laifinta ba. Daga nan mu a filin jirgi za a tare mu, shi mai shuka, ni mai bayarwa. Waɗanda ke nan sun san ƙasar nan ba ta wasa da wannan abu, ɗauri ne ba na wasa ba, in ka fito a kore ka. Ilham wa zai riƙe ta? In kuma na yi shiru na hau jirgi, abar za ta ci gaba da girma a layin da kowa ya san nata ne, warin zai ƙaru, wani zai gane, ta ce ƙanwarta ce ta ba ta, a nemi ƙanwar a ga ta gudu. Ita kaɗai za a samu, ba lauya, ba dangi, ga marayu uku da tsohuwa da ba su da abin ci sai abin da ta aika.

Abin da ke ba ni tsoro ma shi ne ba na jin komai. Ina haɗa kaya, ina naɗe kayan Ilham ɗaya bayan ɗaya, ina cin abinci, ina barci. Sai in idar da salla ban san me na karanta ba. Shi ya rame, ya durƙusa ya riƙe ƙafata yana kuka yana cewa Maman Ilham ki rufa min asiri ko don yarinyar nan, ni kuwa kallonsa kawai nake kamar talabijin ɗin da aka kashe wa murya. Ba na jin haushinsa, ba na jin tausayinsa. Umma ta kira tana murna za mu zo, tana tambaya me zan so a dafa min, na ce komai ma. Baranda kuwa tun ranar ban ƙara leƙawa ba, tumatir ɗin sun bushe a tsaye.

Jiya Anti ta zo sallama, don na gaya mata hutu za mu je. Ta zo da jaka niƙi-niƙi, saƙo ne na gida, takalman makaranta na yaran, atamfa ta tsohuwarta, da wata 'yar waya ta babbar 'yarta da za ta zana jarrabawa. Ta ce, "Ƙanwata ba na son a ba direba, ke nake so ki kai da kanki, tsohuwata ta gan ki ta sa miki albarka, kullum sai na ba ta labarinki." Ta goya Ilham ta zaga falo da ita, ta yi mana addu'ar Allah ya kiyaye hanya ya dawo da mu lafiya. Na raka ta har bakin lifta, bakina ya buɗu, na ce Anti, ta juyo ta ce na'am, na ce ki gaida mutanen ɗakinku.

Jakar tana nan a bakin ƙofa tare da akwatunanmu, Abban Ilham har ya auna ta ya ce ba ta wuce kilon da jirgi ya ba mu ba.

Don Allah 'yan uwa ku faɗa min abin da zan yi. In akwai lauya a cikinku ko wanda ya san dokar ƙasar nan, da gaske ne rashin sani zai kare ta, ko faɗa kawai yake? In faɗa mata tun muna nan, in rungumi duk abin da zai biyo baya, ni da shi da 'yar da ba ta san komai ba? Ko in jira sai mun sauka in kira ta, lokacin da ba abin da zai same ni, ita kuma tana tsaye ita kaɗai a gaban abar? Masu cewa in yi shiru in bar wa Allah, na ji, amma ku ƙarasa min. In na isa Kafanchan na ajiye jakar nan a gaban tsohuwa, yaran suna gwada takalma, ta kama hannuna ta ce ya kika baro min Saratu, me zan ce mata?