Farin Hijabi a Tagar Mak Cik

Danau Kota, Kuala Lumpur,
Yuli, 2021.

Zuwa ga Yaya Maitama,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Aminatu da yara. Allah ya tsare mana ku daga wannan annoba, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Ni da maigidana Zahraddeen muna nan ƙalau, sai dai zaman kulle ya sa shi ƙiba, ni kuma ya sa ni faɗa. Na ji an ce kana shirin ɗauke Inna daga Yakasai zuwa benen da ka kama mata a Abuja. Na san alheri kake nufi, amma tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Ka bari in ba ka labarin abin da ya faru a nan.

Ka tuna tsohuwar da na zauna a gidanta ina ɗaliba, Mak Cik Rohani? Mak Cik kamar a ce Gwaggo ne a wurinsu. Gidanta na katako ne, a wata tsohuwar unguwa kusa da Kampung Baru, inda ba a rufe ƙofa da rana. In ta makara ba ta buɗe taga ba, kafin hantsi wata maƙwabciya ta leƙo da kwanon shinkafa tana mita. Aka rushe unguwar, aka raba musu ɗakuna a dogayen benaye ta hanyar ƙuri'a, kowa ya faɗa inda ya faɗa. Ita ta samu hawa na sha bakwai, ga ciwon gwiwa, ga na'urar hawa da kullum a lalace take. Da na je ganinta kafin kulle, ta nuna mini famfo da tayil tana dariya, ta ce yanzu ta fi kusa da sama amma ba ta san sunan na kusa da ƙofarta ba.

Da yunwa ta tsananta a bana, sai mutanen ƙasar nan suka fito da wata al'ada: wanda ya rasa abinci ko ya kwanta ciwo ya rataya farin ƙyalle a ƙofa ko taga, masu hali su kawo ɗauki ba sai ya buɗe baki ya roƙa ba. Zazzaɓi ya kama Mak Cik, wayarta ta mutu, ta ɗaura farin hijabin sallarta a sandar tsintsiya ta zuro ta taga. Yaya, a benen nan kowace taga shanya ce. Duk wanda ya ɗaga kai ya ɗauka wanki ta yi.

Ni dai na ga kirana ba ya shiga, kuma an hana mu tsallaka unguwa. Sai na aika mai babur ya kai mata abinci. Dokar yanzu ita ce a rataya a ƙofa, a ɗauki hoto, a juya. Washegari na sake aikawa, da hoton ya iso sai na ga ledar jiya tana nan rataye, takalmanta kuma suna inda suke. Zahraddeen ya yi ta kiran masu gadin benen har suka yarda suka ɓalle ƙofar. A kan darduma aka same ta, da sauran numfashi. Maƙwabcinta, wanda bango ɗaya ya raba su, ya rantse bai san da mutum a ɗakin ba. Ban zarge shi ba, don ni ma ban san wa ke bayan bangona ba. Tana asibiti yanzu, ba a barin kowa ya shiga, kuma duk lokacin da waya ta yi ƙara a guje nake ɗauka.

Tsoro nake ji, Yaya. Na san rufin Inna yana yoyo, na san maƙwabciyarta Baba Hureira ta ishe ka da shigowa aron gishiri da surutu. A gyara rufin, a bar mata Baba Hureira. Kai kana fita aiki tun safe, Anti ma haka. In Inna ta faɗi a bene, wa zai lura ba ta buɗe taga ba?

Ka gaida Anti Aminatu, da Bala, da Kawu Mika'ilu. Ka ce wa Inna ina neman addu'arta, ta sa da Mak Cik a ciki. Baba Hureira kuwa, ka kai mata gishiri buhu guda daga gare ni, amma ka roƙe ta kada ta daina zuwa aro.

Ƙanwarka mai begenku,
Walida.